Zahra a Fuskar Rana: Haƙƙin Wanda Ba a Haifa Ba

Ranar Talata, 8 ga Yunin 2004, jim kaɗan bayan fitowar rana a Diffa, wani baƙin ɗigo ya hau gefenta. Zahra ce, wadda ake kira Gamzaki in ta fito da asuba, ta shiga tsakanin duniya da rana. Ta yi sa'o'i shida da ɗoriya tana ratsawa, har rana ta take tsaka. Gari bai yi duhu ba, kaji ba su koma akurki ba, domin faɗin ɗigon bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na faɗin rana ba. Wanda aka sanar da shi tun da wuri, ya tanadi tabarau mai kare ido, shi kaɗai yake iya gani.

A wannan safiya babu mai rai a doron ƙasa da ya taɓa ganin haka, don rabon da a gani tun 1882. Abin ya sake faruwa a 2012, amma mafi yawansa cikin dare ne a Nijar. Sai kuma Disamban 2117. Wannan tazara ce take tayar da tambaya: shin mutum yana da haƙƙin da zai sauke wa wanda ba za su taɓa haɗuwa ba?

A 1716 masanin taurari na Ingila, Edmond Halley, ya bayyana yadda za a auna nisan rana in mutane suka kalli ratsawar Zahra daga wurare masu nisa da juna, suka gwada lokutansu. Ya san sai 1761 damar za ta zo, ya kuma san shekarunsa ba za su kai ba. Ya rasu a 1742, amma ya bar wa na baya wasiyya, suka kuwa bi ta. Bafaranshe Le Gentil ya nufi Indiya. Yaƙi ya sa ratsawar 1761 ta riske shi cikin jirgin ruwa, ya jira shekara takwas, a 1769 kuma gajimare ya rufe masa rana. Duk da haka, awon da sauran suka haɗa ya kusantar da ɗan Adam ga sanin cewa nisan ya kai kimanin kilomita miliyan 150.

Mutanen kwarin Komadugu ba baƙin wannan darasi ba ne. Ruwan da manomin tattasai yake jira a Diffa daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake fitowa, can cikin Nijeriya. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, na ƙasan kogi sun ji a jikinsu, alhali ba su san fuskar waɗanda suka yanke shawarar ba. Zamani ma kogi ne. Mutanen 2117 su ne na ƙasa, ba su da bakin kai ƙara, abin da aka sako musu shi za su sha.

Mai ja zai ce, jihar da ta sha hare-haren Boko Haram tun Fabrairun 2015, mutane suka bar gidajensu da gonakinsu, ina ruwanta da ɗigo a kan rana? Maganarsa tana da nauyi, mai jin yunwa ba ya ƙirga taurari. Sai dai cikin abubuwan da rikicin ya ci akwai makarantu da dama da aka rufe. Gonar da aka bari tana iya farfaɗowa in ruwa ya dawo, amma sanin da ya yanke tsakanin kaka da jika da wuya ya sake tsiro da kansa. Saboda haka ciyar da na yau da tanadar wa na gobe ba kishiyoyi ba ne. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Zahra ba ta bukatar mai kallo. Za ta ratsa a lokacinta ko an duba ko ba a duba ba. Abin da yake hannun mutane shi ne ko a 2117 za a sami yaro a bakin Komadugu wanda wani malami ya gaya masa ranar, malamin da shi ma wani ya koyar. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, da ƙaramin ajin rumfa a sansanin ƴan gudun hijira, duk a kan wannan sarƙa suke. Wanda ya riƙe mahaɗinsa bai bari ya tsinke ba, ya biya bashin da Halley da ire-irensa suka bar masa.