Keken da Ba a Arawa

A ƙasarmu ta Ikara da Makarfi da Kudan akwai wata magana da ake furtawa kullum ba tare da an ɗauke ta a bakin komai ba: "Ara mini kekenka." Ƙane yana faɗa wa wansa, manomi yana faɗa wa maƙwabcinsa na gona, almajiri yana faɗa wa mai shagon da yake yi wa aike. Ba a rubuta takarda, ba a kafa shaida, ba a ajiye jingina. Mai keke yana da ikon hanawa, amma sai ya kawo dalili, domin kowa ya san abin hawa a karkara yana da mai shi, yana kuma da masu haƙƙi a kansa. Da wannan ƙa'ida, wadda babu littafin da aka rubuta ta a ciki, nake so in auna wani sabon abin hawa da samarin zamanina suka fara gani a wayoyinsu suna haɗiyar yawu, wato keken hawa duwatsu mai aiki da lantarki. Tambayata ita ce: mutumin da ya tara kuɗinsa ta hanyar halal, yana da sauran abin da zai amsa a gaban lamirinsa idan ya sayi irin wannan keke ya shigo da shi garinmu?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake magana a kansa. Wasan hawa duwatsu da keke ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, lokacin da wasu samari suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da samfurin Stumpjumper, wanda yana cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, a 2015 kuma ya fitar da Turbo Levo mai batir. Irin wannan keke yana da ƙaramin inji a tsakanin feda biyu, da na'urar da ke auna ƙarfin da ƙafa ta saka, sai injin ya ƙara nasa a kai. A dokar Tarayyar Turai injin yana janye taimakonsa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Nauyinsa ya haura kilo 20, kuma mafi tsada a cikinsu suna wuce dala 10,000. Idan aka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, kuɗin ya kama naira miliyan 15. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a 2024, sai ya shekara kusan 18 bai taɓa ko kwabo a albashinsa ba kafin ya tara su.

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ta fadamu da gonakin rake da tumatir da tattasai. Abin da muke da shi a yalwace shi ne hanyar burji mai ramuka, da taɓon damina, da yashin rani. Mutumin da ya ɗaure damin rake a bayan kekensa daga ƙauyukan Gazara ko Gubuci ya nufi kasuwar Makarfi, ko wanda ya ɗauko mazarƙwaila daga ƙasar Kudan zuwa Hunƙuyi, kullum yana cikin abin da Bature ke biyan kuɗi ya ɗanɗana a ranar hutunsa. Wahalar hanya a can abin nishaɗi ce, har aka ƙera mata keke na musamman, daga baya kuma aka ƙara masa inji domin ya rage wahalar da aka fita nema. A nan kuwa wahalar hanya ita ce harajin da talaka ke biya da cinyoyinsa kafin ya kai kayansa kasuwa.

Hukuncin da ya fi saurin zuwa baki shi ne a ce almubazzaranci ne, a rufe magana. Ni ban gamsu da shi ba. Ina da abokin karatu wanda muka gama jami'a tare, muka yi wa ƙasa hidima a shekara ɗaya. Yana rubuta manhajar kwamfuta ga wasu kamfanonin waje ana biyansa da dala, yana ɗauke da iyayensa, yana biya wa ƙannensa makaranta, yana fitar da zakka. Da ya nuna mini hoton keken da yake tara kuɗi dominsa, ya ce da ni, "Abokina, ban ci na kowa ba. Gumina ne." Gaskiya ya faɗa. Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a 1388, sun karkasa buƙatun ɗan Adam gida uku: na larura, da na buƙata, da na ƙawa, kuma ba su haramta na ƙarshen ba muddin bai ci haƙƙin na farko ba. Sannan duk wanda ya tashi a ƙauye ya san sau da yawa hassada ce ke ɗaura rawanin wa'azi idan an ga wani da sabon abu. Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya rubuta littafi a 1899 kan yadda masu hali ke sayen kaya domin a gani, amma ba kowane mai sayen abu mai tsada ne ke neman idon mutane ba. Abokina yana son keken ne tsakaninsa da Allah.

Mu Hausawa ma ba baƙin abin hawa mai tsada ba ne. Dokin hawan salla a masarautar Zazzau yana cin kuɗin da zai riƙe gida guda, amma ba a cika zagin mai shi ba. Dalili kuwa shi ne doki yana raba arzikinsa. Mai yankan ciyawa yana ci, mai sayar da dusa da harawa yana ci, baduku mai yin sirdi da maƙeri mai yin linzami da likkafa suna ci, ranar hawa kuma gari duka ya sha kallo kyauta. Idan ɗan maƙwabci zai yi kilisar angonci, dokin ake zuwa aro. Tsadarsa tana zagayawa cikin gari. Saboda haka yawan kuɗi kaɗai bai isa ya zama ma'auni ba, sai an duba inda kuɗin ke zuwa bayan an saya, da kuma irin zaman da abin zai yi da mutane.

A wannan ma'auni babu abin hawan da ya kai tsohon baƙin keke. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya cika ƙasar Hausa da kekunansa har ya kafa masana'antar harhaɗa su a Kano, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya biyo. Keken mahaifina yana cikin irin waɗannan, kuma da raken da ya ɗauka aka biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare. Ban san adadin mutanen da suka hau shi ba. Ya kai hatsi injin niƙa, ya ɗauko ungozoma, ya kai sanarwar rasuwa ƙauyuka uku a yini ɗaya. Abin da ya sa Baba bai taɓa jin ɗar wajen ba da shi ba shi ne babu ɓarnar da za a yi masa wadda ta fi ƙarfin gari. In taya ta yi faci, ga mai faci a gindin bishiya. In sarƙa ta tsinke, a haɗa. In ƙarfe ya karye, mai walda ya ɗinke shi kafin la'asar. Sauƙin gyara shi ya haifar da sauƙin aro, kuma rabin karamcin mai keke daga ƙwarewar mai gyara yake.

Keken miliyan 15 ba haka yake ba. Gangar jikinsa sau da yawa ta zaren kabon ce, wadda wutar walda ba ta ɗinkewa. Birkinsa na mai ne. Injinsa a rufe yake, kuma in ya samu matsala sai dillalin da kamfani ya amince da shi ya jona shi da kwamfuta ya karanta ciwon. Batirinsa yana raguwa da kowane caji, zafi yana gaggauta tsufansa, ga shi kuwa bazararmu ba ta da sauƙi, sabo kuma sai an yi odarsa da dala. Mutanen Ikara sun san wannan darasi tun kafin a haife ni. Masana'antar sarrafa tumatir da aka kafa a garin a 1981 ta shafe shekaru masu yawa a rufe, alhali kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin hanya. Sayen inji abu ne na rana ɗaya, riƙe shi kuwa sai da gari guda na masu gyara da kayan gyara da wuta.

To, me irin wannan keke zai mayar da mai shi? Zai nema masa ɗaki mai kwaɗo. Zai riƙa waiwaye idan ya jingine shi a ƙofar masallaci. Yaran unguwa da suka saba shafa duk sabon abu za su fara jin tsawa daga bakin mutumin da bai saba yi musu ba. Wata rana kuma, da tsakar dare, maƙwabci zai ƙwanƙwasa ƙofa, matarsa tana naƙuda ko ɗansa yana suma da zazzaɓi, yana neman abin da zai hau ya kira mai mota ko ya sayo magani. A lokacin mai keke zai tsaya yana lissafin ramukan hanya da farashin batir, ko da na daƙiƙa goma ne. Waɗannan daƙiƙu goma su ne ainihin kuɗin keken, kuma ba a rubuta su a rasit ba. Hausawa sun ce arziki rigar ƙaya, kana ja yana janka. Abin da na fahimta shi ne, duk abin da mutum ba ya iya ba da aronsa da sakin fuska, bai gama mallakarsa ba, gadinsa yake yi.

Akwai masu cewa ai masu hali ne ke buɗe wa talaka hanya. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, layi kaɗai yana cin dubban nairori masu yawa, yau kuwa mai tallan gyaɗa yana da waya. Wannan hujja tana da ƙarfi, sai dai wayar ta sauko ne domin buƙatar attajiri da ta talaka ɗaya ce, kowa yana son ya ji muryar nasa. Keken hawa duwatsu kuwa ko ya yi arha ba shi da kariyar ɗaura kaya, domin an ƙera shi ne ya ɗauki mutum ɗaya da gorar ruwansa. Akwai kuma masu cewa ba dole ne kowane abu ya zama na aro ba, mutum yana da ikon ya keɓe wa kansa wani jin daɗi. Na yarda, kuma babu mai zuwa aron agogo ko turare da tsakar dare. Abin hawa ne ya bambanta, domin a inda asibiti ke da nisa, ƙafa biyu masu gudu suna iya zama tsakanin rai da mutuwa.

Wannan duka bai sa na ƙi lantarki a jikin keke ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Mutane da yawa sun jingine babura sun kakkaɓe tsofaffin kekuna. Batirin irin keken da nake magana bai cika shan yuniti ɗaya na wuta ba kafin ya cika, kuma faifan sola guda mai matsakaicin girma yana iya cika shi a yini. A ƙasar Sin akwai kekuna da ƙananan babura masu lantarki sama da miliyan 300, mafi yawansu masu arha, na 'yan aike da masu zuwa aiki. A jihar Nasarawa an buɗe masana'antar sarrafa ma'adinin litiyam, wanda da shi ake yin batir, a 2024. Fasahar da za ta sauƙaƙa wa mai dakon rake tana nan, ma'adininta ma a ƙarƙashin ƙasarmu yake. Abin da ya rage shi ne keken da aka yi domin shi: mai jikin ƙarfe da ake waldawa, mai kariya mai faɗi, mai batirin da za a cire a kai shagon caji kamar yadda ake kai waya, mai injin da yaron mai gyara zai iya kwancewa ya mayar.

Da abokina ya matsa in faɗa masa ra'ayina, ban ce masa haramun ba ne, domin ba ni da wannan hurumi, kuma ban ga haka ba. Na ce ya tambayi kansa abu uku kafin ya tura kuɗin: wa zai gyara shi a nan, wa zai ci abinci ta dalilinsa, kuma wa zai iya zuwa aronsa ba tare da ya ji kunyar tambaya ba? In ya samu sunaye, ya saya, Allah ya sa alheri. In bai samu ba, to kuɗin keke ɗaya zai sayi baƙaƙen kekuna da dama, da injuna da baturan da ake ɗaurawa a jikinsu, da faifan sola, ya kuma koya wa masu gyara biyu ko uku a Tashar Yari ko Paki yadda ake haɗa su. Shi mai ilimin kwamfuta ne, wannan bai fi ƙarfinsa ba. Mu da aka yi wa karatu da kuɗin rake, akwai bashin hanya a kanmu, kuma mai keken da ya kai mu makaranta yana nan yana tura kayansa a taɓo.