Bashin da Ke Wuyan Na'ura Kafin Rabuwa

Shin yaushe ne alaƙa take yankewa a haƙiƙa, sa'ad da aka furta kalmar rabuwa, ko kuwa sa'ad da mai hakki na ƙarshe ya karɓi hakkinsa? Wannan mas'ala, wadda fuƙaha'u suka warware ta a babin gado da cewa ba a raba dukiyar mamaci sai an biya bashinsa, ita ce ta tari Ken Thompson da Dennis Ritchie, waɗanda suka soma gina manhajar kwamfuta ta Unix a Bell Labs ta Amurka a 1969, ko da yake su ba falsafa suka fita nema ba.

Bayanin al'amarin shi ne, idan mutum ya umarci kwamfuta ta rubuta wani abu a faifai, kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, takan amsa cewa an rubuta, alhali kuwa a ƙwaƙwalwarta ta ajiye shi, ta jinkirta saukarwa domin neman sauri. Saboda haka in aka ba ta umarnin umount don ta saki faifan, sai ta fara duba ko akwai shirin da ke riƙe da fayil a buɗe. In akwai, ta ƙi, ta mayar da jawabin EBUSY, wato ana amfani da faifan, ko da mai umarnin shi ne shugaban na'urar. In babu, ta sauke duk abin da ta jinkirta, ta sa alama cewa an rabu lafiya, sa'an nan ta sake shi.

Amma daga 2001, a Linux 2.4.11, manhaja mai bin tsarin Unix, an shigo da wani rangwame: a cire sunan faifan nan take, baƙo ba ya iya shiga, na ciki kuwa su ci gaba da aikinsu har na ƙarshensu ya rufe fayil ɗinsa. Shin hila ce wannan? A ganina ba a tauye hakkin masu riƙon ba ko kaɗan, gama ƙidayarsu tana nan a hannun kanel. Wanda ke cikin hatsari shi ne mai umarnin kansa, domin ya ga sunan ya ɓace a zahiri, ya ɗauka an gama, ya miƙa hannu ya zare faifan, alhali a baɗini rabin rubutunsa bai sauka ba tukuna.