Mai-bi da Hayaƙin Gidansa



Ka sani idan baƙo ya ratsa ƙofar gida da dare, da asuba maigida ya kan duba ƙasa ya gane, gama ba mai taka rairayi ya rasa barin sawu. Akwai wani sawu kuma da kowane ɗan Adam ya ke bari, ba a ƙasa ba, a cikin iska. Dukan abin da ka ƙona, ko itace, ko gawayi, ko karan dawa, ko fetur, ya kan saki wata iska wadda ido ba ya ganinta, masana suna ce da ita iskar kabon. Hayaƙin da ka ke gani ya kan watse nan da nan, amma ita wani sashinta ya kan zauna a sama shekaru ɗaruruwa. Jimlar abin da mutum guda ya saki cikin shekara, ita ce sawunsa.

Allah cikin hikimarsa ya sa wannan iska kaɗan a sararin sama, ta zama wa duniya kamar mayafi, ta riƙe ɗumin rana domin kada mu hallaka da sanyi. Itatuwa kuma da ita su ke girma, su sha ta su mai da ita reshe da ganye. Amma tun da mutane suka soma haƙo kwal da man fetur suna ƙonawa dare da rana, suna kuma sare dazuzzuka, mayafin ya yi kauri. Kafin zamanin masana'antu, cikin kashi miliyan na iska kashi 280 ne nata. A shekara ta 2024 ta haura 420, shekaran nan kuwa ta fi dukan waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka soma ajiye lissafi. Ba sai an gaya maka sauran ba. Ka ga damina tana makara, ka ga ruwan wata guda yana sauka cikin kwana biyu. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta cinye gonakin maƙwabtanmu na Jigawa.

Watakila za ka ce mini, Malam, ni ne na yi wannan, ni da ba ni da ko mota? Ba zan ruɗe ka ba, gama ƙarya ba ta dace da mai koyar da gaskiya ba. Ba kai ne ka yi mafi yawansa ba. Mutumin Nijeriya, bisa ga matsakaicin lissafi, abin da ya ke saki daga mai da gas da kwal bai kai tan ɗaya a shekara ba. Na mutumin Amurka ya kai wajen tan 14. Manyan ƙasashe sun ɗauki alkawari a birnin Paris a 2015 za su rage nasu, su ne kuwa za su ba da amsa a kansa. Amma ka tuna da misalin da Ubangijinmu ya bayar cikin Bisharar Matta, sura ta 25, na bayi uku da aka danƙa musu dukiya. Wanda aka hukunta shi ne wanda aka ba mafi ƙanƙanta, ba domin rabonsa kaɗan ne ba, amma domin ya raina shi. Kai ma an danƙa maka murhu ɗaya da gona ɗaya. A kansu za a tambaye ka.

Bari mu fara da murhu. Murhun duwatsu uku a fili, yawancin zafinsa iska ce ke kwashewa, tukunya ba ta samun sai ɗan kaɗan. Idan ka kwaɓa laka ka gina masa bango kewaye, ka bar ƙofa ɗaya ta itace, ka rufe tukunya da murfi, ka jiƙa wake tun da dare, damin itacen da ke ƙarewa da wuri zai daɗe. Kada ka ce wannan sha'anin mata ne. Matarka ce ke shaƙar hayaƙin nan da goyo a bayanta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta hayaƙin girki yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara. Mijin da ya ce yana ƙaunar matarsa, ya gina mata murhu. Ke kuma 'yar'uwata, idan tuwo ya nuna, ki janye sauran itacen ki kashe, kada ki bar shi yana cin kansa a banza.

Ka yi hankali da gawayi. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 tsada ta kori mutane da yawa zuwa gare shi, amma kafin a sami buhu guda sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye.

A nan zan faɗi laifina. Shekarar da zan yi aure, kuɗi ya gaza mini, na sayar wa masu gawayi ɗorawar da kakana ya bari a gonarmu. Kwana biyu suka gama da ita. Kuɗin bai kai wata guda ba, yau kuwa tsohuwata kalwar daddawa a kasuwa ta ke saye, ba ta taɓa yi mini gori ba, shirunta kuwa ya fi mini gori zafi. Na koyi bambancin da ban sani ba a lokacin. Reshen da ka sassabe, itacen zai maye gurbinsa, ya sāke shanye iskar da wutarka ta saki. Amma itacen da aka kayar daga tushe, dukan abin da ya tara cikin shekara hamsin ya koma sama, babu kuwa mai shanye shi.

Iyayenmu na ƙasar Kano sun san wannan ba tare da boko ba. Ka dubi gonakin ƙauyukan da ke kewaye da Kano: ƙasa ce da a ke nomawa kowace shekara ba hutu, duk da haka ba ta mutu ba, domin sun bar kuka da tsamiya da ɗorawa a tsakiyar shuka, suna kai taki a kan jakuna. Ka dubi gawo, yadda ya ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci, ƙasan gindinsa kuwa ta fi ko'ina albarka. Waɗansu sababbin masu-bi suna tsammani bin Almasihu shi ne a yar da dukan al'adun iyaye a kwaikwayi zaman Turawa. Wannan kuskure ne. Aikin fari da aka ba Adamu, bisa ga Littafin Farawa, aikin lambu ne da tsaronsa, kakanka kuwa ya fi yawancin masu digiri riƙe wannan amana.

Ka ji abin da ya faru a ƙasar Maraɗi, a Nijar. Wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har ya kusa fid da zuciya. A 1983 ya lura da cewa ƙananan tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu tana da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi tsiro mafi ƙarfi kaɗan a kowane kututture, aka datse sauran, saiwar za ta tura su sama da sauri. Da fari an yi masa dariya. Bayan yunwar 1984 manoma suka gwada, maƙwabci ya gani wajen maƙwabci, suka sa wa aikin suna sassabin zamani. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta an mai da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Ba rijiya aka haƙa ba, ba iri aka saya ba. Wuƙa ce da haƙuri.

Sauran abubuwa gajeru ne. Kada ka cinna wa karan gonarka wuta. Ka ba dabba, ko ka bar shi ya rufe ƙasa ya ruɓe. Kowace lita ta fetur da ka ƙona tana sakin iskan nan fiye da kilo 2, saboda haka tafiyar da ƙafa ko keke za su iya, kada ka tayar mata da babur domin a gan ka. Fitila mai cin hasken rana ta ishi yaro karatu da dare, ba sai an kunna janareto ba.

Maƙwabtanka, waɗanda yawancinsu ba su bi hanyar da ka bi ba, suna duban gonarka fiye da yadda su ke jin wa'azinka. Bana, kafin ka shiga sharar gona, ka zaga ka ƙirga kututturan kalgo da sabara da gawo da ke tohowa, ka ɗaura tsumma a kan waɗanda za ka bari domin yara su gane. Ni na bar goma sha ɗaya bara a inda ɗorawar kakana ta ke, awaki sun ci uku, takwas sun kai ƙirjina. Idan ba ka gane yadda a ke datsewa ba, ka same ni bayan sujada ran Lahadi, ka zo da wuƙarka, mu tafi gonar tare.