Kafin Ka Ce Ba a Ji Ka Ba

Karatu: Daniyel 9:20-23, 10:1-14

Akwai wani ɓacin rai da kusan kowa a Yamai ya san ɗanɗanonsa. Ɗaliba a Jami'ar Abdu Mumuni tana neman bayani don aikin da za ta miƙa gobe, ko ɗan kasuwa a Katako yana son ya duba farashin kaya. An buɗe Chrome, an nemi Google, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, daga ƙarshe saƙo ya fito cewa an kasa kaiwa ga shafin. Nan take sai ka ji an ce, "Google ya mutu."

Mai gyaran salula da ya san aikinsa ba ya saurin yanke hukunci haka. Yakan fara da abin da ke kusa. Akwai sauran mega, ko forfe ya ƙare? Rezo yana nan? Sai ya gwada wani shafin dabam. Idan duka sun ƙi buɗewa, ya san matsalar ta hanya ce, sai ya kashe wayar ya kunna, ko ya sauya daga wifi zuwa layin waya. Idan kuwa shafin binciken ne kaɗai ya ƙi, sai ya duba agogo da kwanan watan da ke cikin na'urar. Shafuka masu tsaro suna nuna wata shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogon waya ko na kwamfuta ya kauce, manhajar buɗe shafuka za ta ɗauka shaidar ba ta da inganci, ta rufe ƙofa. Bayan wannan yakan share tarkacen tsofaffin shafuka da manhajar ta tara, ko ya gwada Firefox. In duk bai yi ba, sai ya tambayi maƙwabci mai wani layi, Airtel ne ko Moov ko Zamani, ko nasa yana tafiya.

Wani lokaci kuma duk wannan ba ya magani. Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a kusa da gaɓar Kodebuwa. Ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu, har da Nijar wadda ba ta da teku, domin ta ƙasashen maƙwabta layukanmu suke bi su kai ga waɗannan wayoyi. A ranar, wayar da ke hannun mutumin Yamai lafiyarta ƙalau, Google ma yana nan yana aiki. Abin da ya yanke yana can nesa da mu fiye da kilomita 1,000, a zurfin da ido ba ya gani, kuma sai da jiragen ruwa na gyara suka ɗauki makonni kafin komai ya daidaita.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, haka abin yake da addu'a. Da yawa cikinmu sun tashi yau da wata addu'a da suka daɗe suna yi ba su ga amsa ba. Wani aiki yake roƙo, wata haihuwa, wani lafiyar mahaifiyarsa, wata kuma shiriyar ɗanta. Idan shiru ya yi tsawo, zuciya takan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ta ce Allah ya daina ji, ko ta ce lalle ni ne la'ananne. Karatunmu na yau ya toshe su duka biyun.

A sura ta 9, Daniyel ya fara da abin da ke kusa da shi. Ya yi azumi, ya furta zunubinsa da na jama'arsa, bai ɗora wa Allah laifin komai ba. Bai ma rufe baki ba, Jibra'ilu ya iso da amsa. A sura ta 10 kuwa, a shekara ta uku ta mulkin Sairus sarkin Farisa, wannan Daniyel ɗin dai ya yi makoki mako uku cur. Bai ci abinci mai daɗi ba, nama da ruwan inabi ba su shiga bakinsa ba, bai shafa mai ba. Kwana ya bi kwana, shiru. Sai a rana ta 24 ga watan fari, yana bakin kogin Taigiris, manzo ya bayyana gare shi ya sanar da shi cewa tun ranar farko aka ji roƙonsa, amma an tare manzon a hanya har kwana 21, sai da Mika'ilu ya kawo masa taimako.

Mutum ɗaya ne, Allah ɗaya ne, zuciyar mai roƙon ba ta sauya ba. Sau ɗaya amsa ta riga "amin" isowa, sau ɗaya ta ɗauki mako uku. A rana ta goma, da ta ashirin, Daniyel ba shi da wata alama ko ɗaya cewa an ji shi, alhali an riga an ji. Da ya auna amincin Allah da abin da idonsa ke gani, da ya yi kuskure babba.

Saboda haka abu biyu ne a gabanmu, kuma kowanne da matsayinsa. Na farko, mu duba namu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yesu ya koyar a Matiyu 5:23-24 cewa wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. Manzo Bitrus ya gargaɗi magidanta a 1 Bitrus 3:7 cewa yadda suke riƙon matansu yana iya tare addu'arsu. Akwai bashin da ka ƙi biya alhali kana da hali? Akwai wadda kika daina gaisawa da ita tun bikin bara? Akwai yaron gida ko mai aiki da aka danne wa haƙƙi? Waɗannan suna hannunmu, kuma ana iya gyara su kafin rana ta faɗi.

Na biyu, idan ka bincika da gaskiya, ka tuba, ka gyara, amma shiru ya ci gaba, to, ka daina tuhumar kanka. Lokacin da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka nemi sanin wanda ya yi zunubi, shi ko iyayensa, Yesu ya nuna musu a Yohanna 9 cewa ba wannan ba ne dalili. Akwai jinkirin da sanadinsa ya fi ƙarfin saninmu, kuma ba a ɗora mana gyaransa ba. Abin da aka ɗora mana shi ne mu ci gaba da roƙo kamar yadda Daniyel ya yi.

A nan ne misalinmu ya gaza, kuma gazawarsa abin farin ciki ne. Saƙon waya yana iya ɓacewa a hanya bai kai ba. Roƙon mai bi kuwa ba ya ɓacewa, domin Ubangiji ba ya dogara ga wata waya ko wata hanya kafin ya ji mu. Manzon da ya kawo amsa ne aka tare, amma roƙon Daniyel ya isa tun ranar farko. Naka ma ya isa.

Abin yi yau: ka zauna minti kaɗan ka tambayi kanka ko akwai wanda ya kamata ka nema ku shirya. In akwai, ka neme shi yau. In babu, ka sake kawo roƙonka gaban Allah da gaba gaɗi.

Addu'a: Ya Ubangiji Allahnmu, mun gode domin kunnenka a buɗe yake gare mu tun kafin mu buɗe baki. Ka haska mana abin da ke cikin zuciyarmu wanda ba ka so, ka ba mu ƙarfin halin gyarawa. Inda kuma jinkirin ba daga gare mu yake ba, ka tsare mu daga fid da zuciya, ka ba mu naciya irin ta bawanka Daniyel. Ka tuna da marasa lafiya da masu neman abin sawa a baki a birninmu, ka sa wa Nijar albarka da salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.