Wahalar da Mutum Ya Ɗauka da Kansa: Hutu Ne Ko Wauta?



Makon jiya bayan la'asar aka kawo mana wata magana a ofishin masallaci, kuma da izinin mai ita muke shimfiɗa ta a nan ba tare da ambaton suna ba. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya daɗe yana cinikin goro a nan Kurmi, yana da ɗa da ke karatu a Manchesta ta ƙasar Ingila. Da aka ba su hutu, sai yaron ya turo hoto a waya: ga shi da ƙatuwar jaka a baya, sanda a hannu, wai ya fara tafiyar ƙasa ta kusan mako uku shi da abokin karatunsa. Ba wanda ya aike shi, ba kuma neman kuɗi ya fita ba. Wai hutu ke nan. Alhaji ya ce mana: "Ni na sayar da fili don kada ya sha wahalar da na sha, shi kuma ya je can yana gararamba a daji kamar wanda aka kora?" Tun daga ranar bai sake ɗaukar wayar yaron ba.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu san abin da yaron ya shiga. Hanyar ana kiranta Pennine Way. Tana tashi daga wani ƙauye mai suna Edale, ta bi kan duwatsun arewacin Ingila har Kirk Yetholm da ke cikin Sikotland, mil 268, wato kilomita 430 da ɗoriya. A 1965 aka buɗe ta, ita ce ta farko cikin dogayen hanyoyin ƙafa da hukumar ƙasar ke kula da su. Mutum yakan wuni yana tafiya cikin ruwan sama da iska da taɓo, ya kwana a masauki ko a tanti, gari ya waye ya ci gaba.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne asalinta. Da can waɗannan duwatsu a hannun masu kuɗi suke, sun killace su don farautar tsuntsaye. A 1932 ɗaruruwan mutane, yawancinsu leburori daga Manchesta, suka hau dutsen Kinder Scout ba tare da izini ba, suna neman a bar talaka ya sha iska ranar hutunsa. Aka ɗaure mutum biyar daga cikinsu. Wannan dutse shi ne mai bin hanyar yake hawa a ranarsa ta farko. Ashe dai waɗanda suka nemi wannan tafiya mutane ne da suka gaji da hayaƙin masana'anta, ba 'ya'yan gata ba.

To, ga tambayar: wahalar da ba dole, wadda mutum ya zaɓa da kansa, tana da wani amfani, ko dai wauta ce ta wanda cikinsa ya cika?

Alhaji yana da hujja, kuma kada kowa ya raina ta. Mu jikokin matafiya ne. Fatake sun tafi Gwanja a ƙasa saboda goro. 'Yan koren shanu sun taka daga Arewa har Ikko da Badun. Maniyyata sun bi ta Chadi da Darfur suna noma da ƙodago a hanya, wasu sai bayan shekaru suke isa Makka, wasu kuma zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Duk waɗannan akwai abin da ke jiransu a ƙarshen hanya: ko riba, ko Ɗakin Allah. Wanda ya san wannan tarihi, in ya ga yaro yana tafiya don tafiya kawai, dole ransa ya sosu. Kuma addini bai ce wahala kanta lada ba ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya nuna cewa Allah ba Ya bukatar mutum ya azabtar da kansa, ya umarce shi da ya hau abin hawa.

Amma mu dubi ɗaya gefen. Alƙur'ani a wurare da dama ya kira mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba mu yi tunani. Yaushe rabon da ɗayanmu ya yi haka? Daga gida sai shago, daga shago sai masallaci, ko tafiyar minti biyar ce sai mun tare acaɓa. Shekara ta zagayo ba mu ga fitowar rana ba sai ta tsakanin rumfuna. Ga hawan jini, ga ciwon suga, kowa da ƙullin magani a aljihu. Mun ɗauka hutu shi ne kwanciya, ko kuwa lalaci ne da bai kamaci ɗan kasuwa ba. Alhali a hadisin Salmanu da Abud Darda'i an koya mana cewa ran mutum yana da haƙƙi a kansa, kamar yadda iyalinsa suke da shi.

Kuma tafiyar ƙasa tana koyar da abin da kasuwa ba ta koyarwa. Wanda zai ɗauki kayansa a bayansa na mako uku, tun a daren farko zai gane abin da yake bukata da abin da yake kwaɗayi kawai, domin duk abin da ya ƙara, kafaɗarsa ce za ta biya. Ba gaggawa, ba tsallake tudu. Yaron da ya tashi cikin mota da fanka, in ya ɗanɗani wannan, wataƙila ya fi fahimtar abin da mahaifinsa ya sha kafin ya kai inda yake.

Don haka a ganinmu tafiyar kanta ba laifi ba ce, muddin yana tsayar da salla a kan lokaci, yana lura da abin da yake ci, ba da kuɗin makaranta ko bashi yake yin ta ba, kuma bai jefa ransa cikin halaka ba. Inda yaron ya yi kuskure shi ne farkonta. Ya shirya takalmi, ya shirya taswira, ya shirya guzuri, amma bai yi sallama ba. Mahaifinsa sai a hoto ya gani, kamar kowa. A wajenmu tafiya ba ta farawa daga bakin hanya, daga gaban iyaye take farawa, a durƙusa a ce za a tafi, su sa albarka. Har mai son fita jihadi Annabi (SAW) ya mayar da shi ga iyayensa, balle mai hawan dutse.

Mun roƙi Alhaji ya ɗauki waya. Fushin uba abu ne mai nauyi, bai kamata a ɗora shi a kan yaron da ke tsakiyar daji a baƙuwar ƙasa ba. Ya yi masa faɗan sallama, wannan haƙƙinsa ne, sannan ya sa masa albarka ya ƙarasa lafiya. Mun kuma aika wa yaron saƙo cewa ya nemi gafara tun kafin ya ƙara taku ɗaya.

Mu kuma da muka rage, yau in an idar da Juma'a, wanda gidansa bai yi nisa ba ya gwada komawa da ƙafa, ya biya ya gaida wani dattijo ko maras lafiya a hanya.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu a duk inda suke, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.

Wassalam,
Sakataren Masallaci