Kyakkyawar Niyya Tana Wanke Tilas?

Wanda ya yi imani cewa yana riƙe da gaskiyar da za ta ceci wani, har ina yake da ikon kaiwa wajen isar da ita? Tarihin ƙabilar Lakota a filayen Dakota na Amurka ya isa a auna wannan tambaya, domin a can ne wa'azi da karatu da kiwon shanu da ƙwacen ƙasa suka tafi kafaɗa da kafaɗa. Abin da nake gani shi ne, alherin da mutum ba shi da damar ƙin karɓa ya tashi daga alheri, komai tsarkin zuciyar mai bayarwa.

A 1868 gwamnatin Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Lakota a Fort Laramie, ta amince cewa yammacin Dakota ta Kudu ta yau nasu ne, har da duwatsun Black Hills da suke girmamawa. A 1874 aka gano zinariya a duwatsun, a 1877 aka ƙwace su. Mafarauta kuma suka yi ta karkashe ɓaunar da Lakota ke ci, suke yin tanti da tufafi da fatarta, har miliyoyi suka koma ɗaruruwa, shanun baƙi suka maye gurbinsu a makiyaya. Mutanen da suka saba ciyar da kansu suka koma jiran rabon nama daga jami'in gwamnati. Dokar Dawes ta 1887 ta yanka ƙasar ƙabilu gona-gona, eka 160 ga kowane magidanci, aka buɗe ragowar ga baƙi. Daga eka miliyan 138 da 'yan asalin ƙasar ke da ita a wannan shekara, miliyan 48 ce ta rage a 1934.

Cikin wannan hali makaranta ta zo. Tun zamanin Shugaba Grant aka rarraba yankunan ƙabilu tsakanin coci-coci, a 1883 kuma aka haramta manyan ibadunsu na gargajiya. A makarantun kwana, na gwamnati irin Carlisle da aka buɗe a 1879 da na mishan, ana aske wa yaro gashi, a sauya masa suna, a hukunta shi in ya yi magana da harshen uwarsa. A 1893 majalisar dokoki ta ba da izinin hana iyaye rabon abinci in sun ƙi sakin 'ya'yansu. Nan ne gizo ke saƙa. Uban da ya miƙa ɗansa don kada sauran iyalinsa su kwana da yunwa bai zaɓi komai ba. Tamkar a ƙona wa mutum rumbu ne, sannan a kawo masa tuwo da sharaɗi, a ce ai da hannunsa ya karɓa.

Za a ce da yawa daga 'yan mishan sun sadaukar da rayuwarsu, sun koyi harshen Lakota, sun yi jinyar marasa lafiya, kuma jagoran Oglala, wani reshe na Lakota, wato Red Cloud, da kansa ya nemi a kawo limaman Katolika, waɗanda suka kafa makarantar Holy Rosary a Pine Ridge a 1888. Haka ne, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro. Sai dai wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. Roƙon Red Cloud yana da daraja saboda roƙo ne: shi ya duba halin jama'arsa, ya zaɓi wanda ya amince wa. Black Elk, wani ɗan Lakota wanda ya karɓi Katolika a 1904 yana babban mutum, har ya riƙa koyar da ita, shi ma shaida ne cewa saƙon yana iya tafiya ba da bulala ba. In kuwa haka ne, tilas ba ta ƙara wa wa'azi komai ba sai zargi. Malaman fiƙihu sun daɗe da tantance cewa niyya tana ƙara wa halal lada, amma ba ta mayar da zalunci halal.

Za a kuma ce muna auna mutanen da da mudun yau, kuma ai kowane yaro tilasta masa karatu ake yi. Mudun ba na yau ba ne. Tun ƙarni na 13 Toma Akwinas, babban malamin Katolika, ya hana a yi wa 'ya'yan Yahudawa baftisma ba da yardar iyayensu ba, yana mai cewa hakan ya saɓa wa adalci. A ƙarni na 16 Bartolome de las Kasas, wani limamin Katolika, ya dage cewa hujja da lallashi kaɗai ne hanyar kira zuwa addini. Waɗanda abin ya shafa ma ba su yi shiru ba: a 1895 aka tsare mazan ƙabilar Hopi 19 a tsibirin Alcatraz, kuma ƙin ba da 'ya'ya makaranta na cikin laifinsu. Game da tilasta yaro kuwa, uban da ya kora ɗansa makaranta yana so ne ya gaje shi da ƙarin ilimi. Hukumar da ta ɗauke yaro tana so ne ya dawo bai iya gaisawa da kakarsa ba.

Binciken ma'aikatar cikin gida ta Amurka na 2024 ya lissafa makarantun kwana 417 da gwamnati ta gudanar ko ta tallafa wa, da yara aƙalla 973 da suka mutu a cikinsu, kuma a watan Oktoba na shekarar Shugaba Biden ya nemi afuwa. Hukuncin abin da ke zuciyar kowane malami yana wurin Allah. Mu abin da za mu iya aunawa shi ne ko wanda aka kira yana da damar cewa a'a ya ci gaba da cin abincinsa da riƙon 'ya'yansa. Duk mai wa'azi ko mai gyara da ya ga sai an toshe wannan dama kafin a saurare shi, to, ya daina dogara da gaskiyar da yake kira zuwa gare ta, ya koma dogara da ƙarfin hukuma.