Barin taba da ƙaruwar tumbi: ina ladan mai haƙuri?

Hausawa na cewa abin da mutum ya shuka shi zai girba. Da wannan magana muka tashi, da ita kuma muke tarbiyyar ɗalibanmu. Amma akwai wani al'amari da ke neman ƙaryata ta, wanda ya zama ruwan dare tsakanin magidanta da suka haura shekara 40 a garuruwanmu. Mutum ya shekara 20 yana zuƙar taba sigari, ya yi ta maza ya bari. Bai tsaya nan ba, ya tsiri tafiyar ƙasa kowace safiya bayan asuba, wani ma har da ƙwallo ranar Lahadi. Bayan wata shida sai ya ga wando ya matse, tela na ƙara yadi, sikeli na nuna kilo 5 ko 6 da ba su nan a da. Ya ƙara nisan tafiya, sikeli ya ƙi motsi. A nan ne wata tambaya ke tasowa wadda ta wuce sha'anin likita: shin aikin ƙwarai yana bin duniya bashin sakamako na zahiri? In kuwa sakamakon ya ƙi zuwa, da wace hujja za a ce wa mutum ya daure?

Kafin mu shiga hukunci, ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin jiki, don ba a yi wa abin da ba a fahimta ba shari'a. Sinadarin nikotin, wanda ya samo sunansa daga Jean Nicot, jakadan Faransa a Fotugal da ya aika da ganyen taba zuwa fadar ƙasarsa wajajen 1560, yana dakushe jin yunwa, yana kuma sa jiki ya ƙone abinci da ɗan sauri fiye da ƙa'ida. Ranar da aka daina, waɗannan abubuwa biyu sukan koma yadda Allah ya halicce su. Harshe da hanci su farfaɗo, miyar da a da ba ta da wani armashi ta koma tana kiran mutum, hannun da ya saba kai kara baki ya shiga neman abin da zai kai. A 2012 mujallar likitoci ta Ingila mai suna BMJ ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 62, ta samu cewa wanda ya bar taba yakan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, mafi yawa cikin wata uku na fari. Mutane ba su zama ɗaya ba: kimanin 16 cikin 100 raguwa ma suka yi, 13 cikin 100 kuwa sun ƙara fiye da kilo 10. Ke nan ƙibar nan ba alamar lalaci ba ce. Jiki ne ke karɓar abin da guba ta daɗe tana hana shi.

To, me ya sa motsa jiki bai share ta ba? Lissafin ba shi da wuya. Tafiyar awa ɗaya da sauri ga magidanci mai kilo 80 takan ƙone kalori wajen 300. Kwalbar lemo ɗaya tana da kusan 140, babban cokalin man gyaɗa kimanin 120. Ƙosai kaɗan a bakin hanyar dawowa, da shayin fada na ɗaya da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa, sun isa su mayar da abin da gumi ya fitar har da riba. Kilo ɗaya na kitse kuwa ya ƙunshi kalori sama da 7000. Bayan haka, jiki ma yana da tasa dabara. Binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 a kan Hadza, mafarautan ƙasar Tanzaniya da ke wuni suna tafiya, ya nuna cewa in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonewa a wuni bai yi nisa da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki yakan tsuke wani gefe in an matsa masa a wani. Shekaru ma ba su ɗauki dukan laifin da ake ɗora musu ba, don wani babban nazari na 2021 a mujallar Science ya samu cewa saurin ƙona abinci ba ya wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60. Abin da ya sauya shi ne rayuwa: babur da kabu-kabu sun maye gurbin ƙafa, zaman gyaran takardun ɗalibai ya maye gurbin fili, tsoka na raguwa, akushi kuwa yana nan yadda yake.

Wannan bayani yana wanke mutum daga zargi, amma ba ya kwantar masa da rai. Abin da ke cin zuciyarsa shi ne jin an cuce shi. Ya biya farashi mai tsada, an miƙo masa kayan da bai saya ba. Ina ganin mu malamai muna da hannu wajen dasa wannan tunani, don mun saba wa yara da duniyar da ƙoƙari ke komawa maki: ka yi karatu, ka sami 15 bisa 20, a rubuta a takarda, kowa ya gani. Sai mutum ya girma yana zaton kowane alheri yana da takardar sakamako a ƙarshen wata uku. Jiki kuwa ba malamin aji ba ne, ba ya kuma sa hannu a yarjejeniya da kowa.

Epiktet, masanin falsafar nan da ya yi ƙuruciyarsa a bauta a birnin Rum, ya gina koyarwarsa a kan rarrabe abin da ke hannunmu da abin da ba ya hannunmu, ya kuma lissafa jiki cikin kashi na biyu. A hannun mutum yake ya ƙi kunna taba yau, ya ɗaura takalmi ya fita, ya ce a rage masa sukari. Lambar da sikeli zai nuna ranar Juma'a kuwa tana da iyayengiji da yawa: gado, barci, magungunan da yake sha, shekarun da ya yi yana zuƙa. Wanda ya ɗora darajar aikinsa a kan wannan lamba ya ba da ajiyar kwanciyar hankalinsa ga wanda bai yi masa alkawarin komai ba.

Mai karatu na iya cewa wannan lallashi ne kawai irin na masu littafi, alhali gwiwar mutumin nan na ciwo, kuma ƙiba cuta ce ta gaske. Ƙorafin yana da ƙarfi, bai kuma kamata a kauce masa ba. Wani nazari da aka wallafa a New England Journal of Medicine a 2018, wanda ya bi dubban ma'aikatan lafiya na Amurka shekaru masu yawa, ya tabbatar da cewa haɗarin ciwon sukari yakan ƙaru na wasu shekaru ga waɗanda suka yi ƙiba bayan barin taba, kafin ya sauko. Amma nazarin nan dai ya samu cewa, duk da ƙibar, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ko ta wani dalili ya fi ƙanƙanta gare su a kan waɗanda suka ci gaba da sha. Richard Doll da abokansa, da suka bi likitocin Birtaniya tsawon shekara 50, sun bayyana a 2004 cewa mai shan taba yakan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa, kuma wanda ya bari yana da shekara 40 yakan ceto kusan 9 daga ciki, mai 50 ya ceto 6. Ashe lada ya zo. Matsalarsa ita ce ba ya ganuwa. Shanyewar ɓarin jiki da ba ta faru ba, da kansar huhun da ba ta tsiro ba, ba su da ranar da za a yi musu walima. Ɗan Adam kuwa ya fi iya kuka da abin da ya same shi a kan godiya da abin da ya kauce masa. Tumbi yana gabansa kullum, shekara 9 ɗin nan ba wanda zai nuna masa su a madubi.

Daga wannan makanta ne jaraba ke samun ƙofa. Wata murya takan ce: kara ɗaya bayan abincin rana, don dai a tsayar da ƙibar. Muryar ba sabuwa ba ce. Tun a ƙarshen shekarun 1920 tallar Lucky Strike a Amurka ke kiran mutane, musamman mata, su ɗauki taba maimakon alewa don su tsare siririn jikinsu. Marubucin Italiya Italo Svevo kuma, a littafinsa na 1923 a kan wani mutum mai suna Zeno, ya zana wanda ya ƙare rayuwarsa yana shan “karan ƙarshe”. Komawa taba don gudun kilo 5 gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Sai dai adalci ya wajabta mu juya tsabar ta ɗaya fuskar. Akwai wata yaudara da ta fi waccan laushi, ita ce mutum ya mai da nasararsa lasin. Na bar taba, ai na cancanci ƙarin tsire. Na yi tafiyar awa guda, ai kwalba ɗaya ba komai. Sha'awa ba ta cika mutuwa ba, ƙaura take yi daga ɗaki zuwa ɗaki. Imam Gazali ya keɓe babi guda a Ihya'u a kan karya sha'awar ciki da ta farji, ya kuma ɗauki ta ciki a matsayin tushen sauran. Aristot ya koyar da cewa hali nagari sabo ne da ake ginawa ta maimaita aiki, kamar yadda maƙeri ke zama maƙeri da ƙira. In haka ne, wanda ya bar taba ya riga ya mallaki sana'ar da yake bukata: ya san yadda marmari ke tasowa, ya kai ƙololuwa, ya kwanta in ba a kula shi ba. Abin da ya rage shi ne ya yarda cewa aikin bai ƙare ba. Haƙurin da magabata suka kira maganin zaman duniya ya bambanta da naɗe hannu. Mai haƙurin da ya dafa dutse ai yana ta iza wuta ne.

Ba kuma shi kaɗai yake wannan kokowa ba, idon jama'a na kansa. A ƙasar da ta ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da ta 2005, ba abin mamaki ba ne a ɗauki ƙiba alamar rufin asiri. Malamin da ya yi tumbi za a ce masa ya murje, ko an biya bashin albashi ne? In ya rame kuwa sai a shiga raɗa, a tambayi iyalinsa ko lafiya. Uwargida tana ganin mutuncinta a cikar akushi, mai masauki yana jin an raina shi in baƙo ya tsame hannu da wuri. Likita a nasa gefe yana cewa a rage. Wani ma zai ce abin kunya ne a yi zancen rage ƙiba a garin da ake kwantar da yara saboda tamowa. Amma cututtukan biyu a gari ɗaya suke, wani lokaci a gida ɗaya, kuma magidancin da hawan jini ya kayar yakan bar bakuna goma ko fiye ba mai ci da su. Kula da jikinsa wani ɓangare ne na haƙƙin waɗanda ke rataye a wuyansa. Abin da ake bukata shi ne ladabin ƙi: a yaba girki, a ci kaɗan, a faɗi dalili ba tare da wa'azi ba. Koyarwar nan da muka sani tun muna yara, ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ta isa hujja a kowace tabarma.

A aikace, hanyar ba ta da ado. A ci gaba da tafiya, don tana saukar da hawan jini, tana daidaita sukari, tana gyara barci, ko da sikeli bai gode ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako. A nemi raguwar nauyi a inda take, wato a cokalin mai, da sukarin shayi, da lemon kwalba, da cin dare. A auna ƙugu da igiyar tela, a yi fatan kada ya wuce rabin tsawon mutum. A riƙa auna jini da sukari a asibiti. A kuma san cewa rage kashi 5 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 ga mai kilo 80, yana da amfanin da likitoci suka tabbatar, ko da surar samartaka ba ta dawo ba.

Gare mu malamai da ƙungiyoyin al'adu akwai aiki. Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba tun 2006, kuma kowace 31 ga Mayu ana jawabai a kan illar taba, wadda ke kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara. Amma jawaban sukan tsaya a ranar da aka bari, kamar tatsuniyar da ke ƙarewa da biki. Gaskiya ta fi amfani: a faɗa wa mai niyyar bari cewa wataƙila zai yi ƙiba, cewa wannan ba faɗuwa ba ce, cewa cinikin da riba duk da haka. Wanda aka gargaɗa ba ya jin an yaudare shi. A fada kuma a sassauta ba'a ga abokin da rigarsa ta matse, don wata dariyar takan mayar da mutum teburin mai taba.

Karin maganar da muka fara da ita ba ta yi ƙarya ba, mu ne muka ƙara mata wa'adin da ba ta ɗauka ba. Ta ce za a girba, ba ta ce yaushe ba, ba ta kuma ce a idon wa ba. Magidancin da ke fita da asuba da tumbinsa, ba taba a aljihu, ya riga ya karɓi mafi girman rabonsa: ya fita daga hannun abin da ya mallake shi shekara 20. Sauran kilo ɗin aiki ne na sannu, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da juriyar tsare ta.